Shakiru, Wanda Bai Buɗe Akwatin Kowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga watan Yuni na shekarar 2025, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, Allah ya karɓi ran Shakiru Iliasu a gidansu da ke unguwar Asawase cikin Kumasi, bayan doguwar jinya ta ciwon ƙoda. Bai cika shekara talatin da biyar ba. Ina zaune a bencin ƙofar masallaci muna jiran azahar, sai na hango ƙanwarsa Hikima tana tahowa ba takalmi a ƙafarta. Ina ganinta na gane. Kafin magariba mun kai shi makabartar Tafo mun dawo.

Ni ne Sumana, wanda yaran unguwa ke ce wa Baba Sumana. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan rubutu ni nake faɗa, Hikima take rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. In kun ga wani wuri ya karkace, nawa ne, ba nata ba.

Aikina a Zango tun ina saurayi shi ne riƙe asalin mutane: wa ya haifi wa, kakan wa ya zo daga Dosso da shanu, kakar wa ta sauko daga Yendi da goyo a bayanta. Wurin mahaifina na gada. A da, in za a ɗaura aure ko a yi addu'ar mamaci, sai an aiko an kira ni. Yanzu kiran ya yi ƙaranci. Ba ƙorafi nake yi ba. Ina faɗa ne don a san halin da wannan yaro ya same ni a ciki: matata Lariba ta rasu, ina zaune a bakin ƙofa, kai cike da sunaye, ba mai tambaya.

Shakiru, yanzu da kai nake.

Gida ɗaya muke, ƙofata tana kallon ta mahaifiyarka Mamuna, kuma ina nan aka raɗa maka suna. Ka girma ka buɗe shagon gyaran waya da rediyo a unguwar Dichemso. Ban san tsohuwa ɗaya a layinmu da wayarta ba ta bi ta hannunka ba, kuma in ka gyara sai ka zauna ka nuna mata inda za ta danna ta ji muryar ɗanta da ke ƙasar waje, ka maimaita mata har ta riƙe, ba ka taɓa yin tsaki ba. Rediyona kuwa ka gyara shi har ka gaji. Ka sayo mini sabo, na ce ba na so, nawa nake so. Ba ka yi musu ba. Ka tafi da su duka biyun, bayan kwana biyu ka dawo mini da tsohon ka ce ya warke. Ina kunna shi na ji murya tas, irin wadda bai taɓa yi ba ko yana sabo. Na gane kayan cikin sabon ka zuba a kwanon tsohon. Kai ma ka san na gane. Har ka bar duniya ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Da ciwon ya yi ƙarfi, aka ɗora ka a kan wankin ƙoda, zaman shago ya gagare ka. Wata rana na ga abokinka Taufiq yana sauke kwalaye daga tasi, tsofaffin injuna da wayoyi a cukurkuɗe, ana shiga da su ɗakinka. Na leƙa.

"Wannan tarkacen fa?"

"Gem ne, Baba."

"Gem. Kai da mata da 'ya."

Ka yi mini bayani. Ka ce wasa ne mai labari, kashi tara, kowane kashi da ƙasarsa da yaron da ake tafiya da shi daga gari zuwa gari, ana magana da mutane, ana yaƙi da dodanni, har a kai ƙarshe. Ka ce kana yaro ka fara shi a wani ɗakin gem da ke bayan kasuwa, amma ko ɗaya ba ka taɓa ganin ƙarshensa ba, kullum sai a tashe ka wani ya zauna, daga baya kuma aiki ya cinye ka. Ka faɗi sunan wasan, harshena ya ƙi juya shi. Ni dai har yau Tafiyar Yaron Nan nake ce masa.

"Na yi niyya, Baba," ka ce. "Sai na ga ƙarshen kowanne, daga na ɗaya har na tara. Ban san abin da ya rage mini ba, amma ba zan kwanta ina kallon rufin ɗaki ba."

Ban ji daɗin maganar ba, ban kuma ɓoye ba. Na faɗa maka, na faɗa wa uwarka, na faɗa wa matarka Latifatu. Sai da ka gama kashi na ɗaya kai kaɗai, ka shiga na biyu, sannan ka tare ni a tsakar gida ka ce, "Baba, kana zagin abin da ba ka gani ba. Zo ka zauna ka gani, sai ka zage shi da hujja." Na ce to, wannan magana ce.

Na zauna. Rubutun Turanci ne yake fitowa, kana karantawa kana juya mini da Hausa. Yaron nan ya shiga wani ƙauye, ya nufi wani gida, ya tura ƙofa ya shige ba sallama. Ga tsohuwa tsaye kusa da murhu. A gabanta ya buɗe akwatinta ya kwashe abin da ke ciki, ya fasa mata tukwane biyu ya ɗauki abin da ya faɗo, ya fita.

Na ce, "Tsaya. Me ya yi yanzu?"

"Magani ya samu, Baba, da ɗan guzuri."

"Ta ba shi?"

"A'a, haka ake yi. Haka aka gina wasan."

"Wanda ya gina shi ba shi da maƙwabta. Wannan sata ce, kuma kai kake tura shi."

Ka yi dariya har ka riƙe ciki, Latifatu ta leƙo ta ga ko lafiya. Ni kuwa na ɗauki sandata. Na ce ban tsufa a Zango ba don in zauna ina kallon ana koya wa yaro shiga ɗakin tsohuwa, ko da yaron na cikin gilashi ne.

Washegari ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ka ce ka goge duk inda ka kai, za ka sake daga farkon kashi na ɗaya, kuma daga yau yaron ba zai taɓa kayan gidan kowa ba sai abin da aka miƙo masa. Ka ce sharaɗinka ɗaya, in zo in zauna in zama shaida. Na zaci ba'a ce. Da muka isa gidan farko ka tsayar da shi a bakin ƙofa, ka ɗaga murya ka ce, "Salamu alaikum," ka dube ni. Na ce, "Wa alaikumus salam, shigo." Haka muka yi ta yi a kowace ƙofa, kai ne baƙo, ni ne masu gida, har ƙarshen kashi na tara.

Sai da muka zauna muka tsara abin. Abin da dodo ya bari bayan an kashe shi, muka ce ganima ce. Akwatin da ke cikin kogo ko kango shi ya ba mu wahala. Har wurin liman na kai maganar, ban dai gaya masa inda ta fito ba. Na ce, "Malam, in mutum ya tsinci takobi a kogon da ba kowa, shekara ɗari ba a shiga ba, ya hukuncinsa?" Ya dube ni ya ce, "Baba Sumana, wane kogo ne wannan a Kumasi?" Na ce ya dai ba ni amsa. Ya ce in ba a san mai shi ba, ba kuma yadda za a same shi, ba laifi. Na dawo na ce maka kogo ya halatta.

Ban san nauyin abin da na ɗora maka ba sai daga baya. Ashe rabin guzurin tafiyar a gidajen mutane aka ajiye shi. Inda wasu ke wucewa da gudu, mu sai mun ja ciki. Dodon da ake kayarwa a karo ɗaya, mu sai ya kayar da mu ya sake kayarwa. Taufiq ya zo dubiya ya ga inda muke, ya kama baki.

"Chale, abokina, har yanzu nan kuke? Wannan tsohon zai gama da kai kafin ƙodar."

"Bar shi," ka ce. "Kai da ka gama, gida nawa ka fasa?"

"Ai ba mutane ba ne."

"Gaya wa Baba."

Bai gaya mini ba. Ya ci waakye, wato shinkafa da waken da Latifatu ta kawo, ya tafi.

A nan ne ka ba ni abin da nake wannan rubutu dominsa. In ka dawo daga wankin ƙoda, jikinka ya mutu, kanka ya yi nauyi, wani lokaci mako ya wuce ba mu kunna ba. In ka farfaɗo sai ka ce, "Baba, ina muka tsaya?" Ni kuma sai in zayyana maka: mai jirgin ruwa ya ce a nemi ƙaninsa a garin da ke bayan dutse, ƙanin kuma ba ya magana da kowa sai an kai masa gishiri, gishirin kuma yana wurin matar da muka taimaka wa da akuyarta. Ban taɓa rubuta ko ɗaya ba, ina zan iya. Wurin da nake ajiye zuriyar Zango nan na ajiye su. A kashi na biyar wata yarinya ta fito tana riƙe guduma da hagu, tana magana a taƙaice. Na ce maka wannan jikar maƙerin nan ce na kashi na biyu, wanda ya ƙi sayar mana da garkuwa. Ka ce ba a faɗa ba. Da muka yi nisa sai ga ta da bakinta tana ba da labarin kakanta. Ka ajiye abin dannawar nan da kuke ce wa pad, ka juyo.

"Baba, faɗi gaskiya, ka taɓa yin wasan nan a ɓoye?"

"Aikina ke nan tun ba a haifi ubanka ba."

Daga ranar, in mun kashe injin sai ka ce in ba ka na gaske. In ɗauko maka gidan su wane tun daga Tawa, in sauko da su har layinmu, kana kwance ido a rufe kana gyara mini in na tsallake wani don in gwada ka. Shekaru na yi ba wanda ya ce mini, "Sai kuma wa?" Kai ka ce.

Masu cewa wasa ya ɗauke maka hankali daga lahira, na ji su a wurin sadakar uku, ba su san ina ji ba. Ni nake ɗakin, su ba sa nan. Ladan bai taɓa kai ƙarshen kiran salla ba injin yana kunne. Da tsayuwa ta gagare ka, a zaune ka yi. Da zaman ya gagara, a kwance. Wannan na gani, kuma ko a gaban wa zan faɗa.

Muka gama na shida, na bakwai, na takwas. Kowanne muka gama sai ka ce alhamdu lillahi ka miƙe ƙafa. Amma jikin yana ta raguwa. Lokacin da muka kai ƙarshen na tara, ana shirin Babbar Sallah, hannuwanka sun kumbura, yatsun ba sa jure dannawa mai tsawo. Ga babban dodon ƙarshe a gabanmu, ya kayar da mu har na daina ƙirgawa. Taufiq ya ce kowa ya san maganinsa: akwai sulke a akwatin wani mai kamun kifi a ƙauyen ƙarshe, in yaron ya sa shi faɗan ya zo da sauƙi. Mun shiga gidan, mun gaisa da mutumin, mun ga akwatin, mun fito.

Hikima ta ce kada in sa abin da ke biye. Na ce ta rubuta. Ita ce ta same ni a ɗakina bayan sun dawo daga asibiti, ta tsuguna ta ce, "Baba, likita ya yi mana magana. Ka sake shi ya ɗauki abin nan. In bai gama ba zai tafi da shi a ransa." Ban bari ta ƙarasa kukan ba, na tashi.

"Shakiru, je ka ɗauki sulken nan."

"Na wa?"

"Na mai kamun kifin."

"Ya ba mu?"

"Lalura ce. Wanda yunwa za ta kashe ma an halatta masa mushe."

"Yaron ba yunwa yake ji ba, Baba."

"Ni na kafa dokar, ni kuma na ɗage ta."

Ka yi murmushi, leɓɓanka duk sun bushe. Ka ce, "Ai ta daina zama taka tun kashi na uku."

An sha ce mini mai taurin kai a unguwar nan, kuma ban taɓa musawa ba. Ranar na gamu da wanda ya fi ni. Na zauna a bakin gadon raina a ɓace, na ce to babu wata hanya? Ka ce akwai, amma tsawo gare ta. Sai yaron ya koma daji yana kai da kawowa, yana kashe ƙananan namun da ke tare hanya, a hankali ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya kai inda zai iya tsayawa gaban dodon ba sulke. Ka ce abin ba ya bukatar Turanci, yatsu yake bukata da lokaci, kai kuma duka biyun sun yi maka ƙaranci.

Na ce, "Nuna mini."

Allah ya sani ban taɓa zaton zan riƙe abin nan ba. Yatsuna sun sandare, in na ce yaron ya yi gabas sai ya yi yamma, ya je ya manna goshi a bango yana ta tafiya a wuri ɗaya. Matan gida suka taru a taga suna dariya, 'yarka Farhana tana tsalle tana cewa Baba ya maƙale. Ka yanko filasta ka liƙa a kan maɓallin da zan riƙa dannawa, ka ce sauran kada in kula su. Ranakun da aka tafi da kai asibiti, ni nake shiga ɗakin da hantsi in zauna. Rana ta farko wuta ta ɗauke, duk wahalar da na sha ta tafi a banza, don ban san ana ajiye aikin kafin a tashi ba. Abin da na faɗa a ranar ba zai shiga wannan rubutu ba. Ka dawo ka koya mini ajiyewa, ka sa na maimaita kamar yadda kake yi wa tsofaffin matan layi.

Abokan zamana na bencin masallaci suka fara cigiya.

"Baba Sumana, kwana biyu ina ka shiga?"

"Kiwo nake."

"Ragon layya?"

"Kusan haka."

Kiwon kuwa na yi. In ka dawo, kafin ka kwanta sai ka duba lambar ƙarfin yaron ka ce, "Ya yi ƙiba, Baba, amma da saura." In ce gobe ma rana ce, alhali ni da kai mun san ba mu da tabbacin goben.

Washegarin Sallah, bayan la'asar, ana suyar nama a tsakar gida, naman da ba ka da ikon ci, ka ce a jingina ka da filo. Ka duba lambar ka ce a kira Mma. Mamuna ta shigo tana goge hannu a zani, ita da ba ta taɓa tsayawa kallon abin nan ba. Latifatu ta zauna a ƙarshen gado da Farhana a cinya, Hikima tana bakin ƙofa. Na miƙa maka pad ɗin. Na ce daga nan naka ne, ni makiyayi ne kawai.

Karon farko dodon ya kayar da mu. Ka ajiye hannuwan a kan cinya. Latifatu ta matsa maka yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ka ce bismillah ka sake ɗauka. Ban san tsawon lokacin da faɗan ya ɗauka ba. Na dai san gumi ya jiƙa maka riga, na kuma ji Mamuna tana salati ƙasa-ƙasa, ita da ba ta san wane ne namu a cikin biyun ba. Sai gilashin ya yi fari, dodon ya durƙusa, ya watse kamar toka.

Ka juya mana ƙarshen labarin da muryar da da ƙyar take fita. Yaron ya koma garinsu, an buɗe masa ƙofa. Daga nan wasu rubuce-rubuce suka fara hawa sama a jere. Na ce wannan kuma fa? Ka ce sunayen waɗanda suka yi wasan ne, ba a karantawa, wucewa ake yi. Na ce mutane sun yi aiki sun sa sunansu, a wuce? Karanta. Ka karanto mini waɗanda ka iya, sunaye masu wuyar faɗa na mutanen wata ƙasa mai nisa, har numfashinka ya gaza. Na ce Allah ya saka musu, ko da yake har yanzu ina da magana da wanda ya sa akwatunan.

Sai ka dubi uwarka ka ce, "Mma, na gama."

Ta ce, "To, sai ka sha koko."

Ka sha kuwa, fiye da yadda ka saba. Injin ba a sake kunna shi ba. Ranar Talata ka tafi.

Na gode, Shakiru. Na zo ɗakinka don in zagi abin da kake yi, ka ba ni kujera. Ka ɗauki maganar tsoho jahili da muhimmanci a inda kowa zai yi dariya ya wuce, ka biya ta da kwanakin da ba ka da su da yawa, ba ka taɓa yi mini gori ba. Ni na sa rai kai za ka tsaya a kaina ranar da za a kai ni Tafo. Allah bai tsara haka ba, kuma ba a tambayarsa dalili.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Mamuna, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ga matarsa Latifatu, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsaya miki. Ga Hikima, wadda take rubuta wannan tana share ido da gefen mayafi, da Taufiq da sauran abokansa na Dichemso, da dukan dangin marigayi Iliasu na nan Kumasi da na gida. Farhana kuma, Allah ya raya ki, ya sa ki ji labarin mahaifinki daga bakin waɗanda suka san shi.

Ya Allah, ka jiƙan Shakiru. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ya ɗauki niyya yana mara lafiya, ka ara masa kwanakin da ya cika ta da hannu mai tsabta, mun gani da idonmu, mun gode maka. Tafiyar da ta rage masa yanzu ba ta hannunsa ba ce, babu kuma kiwon da wani tsoho zai iya yi masa. Taka ce, ya Rabbi. Ka kai shi gida. Amin.